Tsakuwar Maupi

Akwai wani yaro mai son jifa. Duk abin da ya tsinta, sai ya wurga. Mamarsa ta yi faɗa har ta gaji.

Bai daɗe da shiga sabuwar makaranta ba. A bayanta, kusa da inda ake jingine kekuna, akwai wani baƙin dutse mai faɗi. An rubuta sunayen yara a jikinsa. A kansa kuma ga tsakuwoyi birjik, masu santsi.

Ran nan bayan an tashi, yaron ya tsaya yana kallonsu.

"Kai! Wa ya bar waɗannan a banza?"

Ya kwashe su tas. Ya gangara bakin ruwan da ya ratsa garin, ya dinga cilla su suna tsalle a kan ruwa. Sunayen kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Washegari aka tashi da yayyafi. Malam Wessel ya shigo aji riƙe da hannun wata tsohuwa tukuf.

"Yara, wannan Kaka Jetty ce. A nan ta yi karatu. Ku natsu."

Tsohuwar ta zauna. Muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Ina da ƙane, sunansa Maupi. Da sojojin Nazi masu ƙin Yahudawa suka shigo ƙasarmu Holan, sai aka kore mu daga makarantar nan, don mu Yahudawa ne. Aka sa muka ɗinka tauraro mai ruwan ɗorawa a riga. Ni, wata manomiya ta ɓoye ni a ɗakin ciyawa. Maupi yana zazzaɓi, ya zauna wurin Mama."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Aka kama shi da Mama, aka cusa su a jirgin ƙasa, irin taragon da ake ɗaukar shanu. Ba su dawo ba. An kashe su tare da miliyoyin mutanenmu. Maupi ko kabari ba shi da shi."

Wata yarinya ta fara sharar hawaye.

"Sunansa na jikin dutsen nan na waje," in ji Kaka Jetty. "Mu ba fure muke kai wa mamaci ba, fure bushewa yake yi. Tsakuwa muke ajiyewa. Tana nufin: na zo, ban manta da kai ba. Duk shekara in na ga sun ƙaru, sai hankalina ya kwanta."

Nan take yaron ya tuna tsakuwoyin da ya cilla a ruwa!

Suka fita gaba ɗaya cikin yayyafi. Kaka Jetty ta ciro wata farar tsakuwa daga aljihu. Sai ta tsaya cak. Kan dutsen wayam, sai ruwa.

"Malam Wessel, ashe an daina zuwa?"

"A'a, Kaka, wallahi ko shekaranjiya..."

"Bar shi, ɗana. Dama na san ranar tana zuwa. In na mutu, shi ke nan, Maupi ya sake mutuwa."

Ta mayar da tsakuwarta aljihu. Ta ce a kai ta gida, ba za ta ƙara zuwa ba. Yaron ya laɓe a bayan sauran yara.

Da yamma ya kasa cin abinci.

"Yau kuma?" in ji mamarsa. "Kai da kake lashe tukunyar dankali?"

Sai ya fashe da kuka, ya faɗa mata komai.

"Kai, yaron nan! Hannunka ya rigayi hankalinka. To, kuka ba zai tsamo su daga ruwa ba. Ɗauko kekenka."

Suka sami Kaka Jetty a gidan tsofaffi, zaune a bakin taga. Shayinta ya huce.

"Kaka, ni ne," in ji yaron. "Mutane sun zo. Kan dutsen cike yake da tsakuwoyi. Ni na kwashe, na cilla a ruwa. Ki yafe mini."

Ta juyo ta dube shi.

"Da yawa ne?"

"Sai da aljihuna ya yage."

Ta rufe ido, ta ja numfashi. "Ashe suna zuwa."

Can sai ta tambaya, "Sun yi tsalle da kyau?"

Yaron ya gyaɗa kai cikin kunya. Abin mamaki, tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na zuba.

"Ɗan ƙwal uba! Maupi ma haka yake. A ruwan nan ya ƙarar da maɓallan rigar Baba."

Ta ciro farar tsakuwar, ta danƙa masa a hannu.

"Ƙafata ta gaji, jikana. Wannan ba ta jifa ba ce. Kai za ka kai masa."

Da safe yaron ya tsaya gaban aji ya faɗi laifinsa. Kowa ya nemo tsakuwa. Kafin ya ajiye tasa, sai da ya karanta sunayen duka da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Kaka Jetty na gefe a kan kujera, tana murmushi. Ta dawo!

Yara, kada ku taɓa abin da ba ku san ma'anarsa ba, ku fara tambaya. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri. Kuma labarin waɗanda aka zalunta amana ne, mai ji shi zai riƙe.

Har yau yaron na jifa a bakin ruwa. Amma tsakuwar da ta fi kyau, Maupi yake kai wa.