Murfin Shayin Mai Jaka

Da tsakar rana ya iso gandun dabbobin panda na birnin Chengdu a ƙasar Sin, lokacin da duk wanda ya san halin panda ya riga ya koma gida. Jakar da ke bayansa ta fi shi faɗi, tabarmar barci a ɗaure a samanta, takalmi na reto a gefe. Ya daɗe gaban shinge yana kallon wani tulin gashi fari da baƙi da ya juya masa baya a kan reshe.

Wata ma'aikaciya ta zo wucewa da damin gora a kafaɗa.

"'Yar'uwa, don Allah, wannan yana da rai kuwa?"

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi jakar. "Ƙaura ka yi, ko kora aka yi maka?"

"Daga Harbin nake, can arewa mai sanyi. Jirgin ƙasa bayan jirgin ƙasa, don in ga wannan, shi kuma ko kunne bai motsa ba."

"Mace ce, sunanta Nuomi. Ta ci ta ƙoshi tun da safe. Kai ma da ka ci gora rabin buhu, da ba ka tsaya kana surutu ba."

Ya yi dariya, sannan tambayoyi suka ɓalle. Me ya sa gora kawai? Ba ta sarƙe musu a wuya? Suna gane mai ba su abinci? Ran Suyin, don sunanta ke nan, ta saba da masu ɗaukar hoto su wuce. Ba ta taɓa gamuwa da wanda yake son jin amsa har haka ba.

"Ka dawo da sassafe," ta ce. "Ka bar gidan nan naka a masauki."

Ya dawo da sassafe, amma da jakar. Washegari ma ya dawo. Sunansa Nie Dongfan, makanikin motocin bas ne da ya ajiye sifana ya ce sai ya ga ƙasarsa da idonsa. Niyyarsa ya ɗan leƙa Chengdu ya wuce yamma. Sai ga shi yana gyara famfo da fanka a masaukin matafiya a bakin gadon kwana, tikitin yamma kuwa ba a sake jin zancensa ba.

Ita take ce masa Mai Jaka, shi yana ce mata Maman Nuomi.

"Maman Nuomi, yau na ci taliyar da kika ce. Barkono ya kashe mini leɓe. In ban farfaɗo ba, ki gaji jakata."

"Mai Jaka, wannan ta yara ce. Sha ruwa ka daina ba mu kunya. Ka zo shagon Babana da yamma."

Shagon shayin Baffa Ran yana bakin kogi, ƙarƙashin manyan itatuwa. Kujerun gora ne masu ƙara, da tebura gajeru, da tsofaffin da suka ƙi tsufa a gidajensu. Ni ma ina cikinsu, kuma ban ga dalilin neman afuwa ba. A nan kofin shayi yana da faranti da murfi, murfin kuma shi yake magana. In ka jingina shi da faranti, a ƙaro ruwan zafi. In ka rufe kofi ka ɗora ganye ko ashana a kai, ka ɗan fita ne, kada a taɓa maka wuri. In ka birkice murfin ka zura shi cikin kofi, ka gama ke nan, a kwashe, a ba wani kujerar. Ba a koya wa kowa wannan. Da ido ake ɗauka.

Dongfan kuwa ido gare shi. Ya zaɓi kujerar lungu da ke kallon ƙofa, yana zama yana nazarin mutane kamar yadda yake nazarin panda. Ranar da ya jingina murfi aka zo aka ƙara masa ruwa, sai ka ce jarrabawa ya ci.

Wannan bai burge Baffa Ran ba.

"Mutumin da gidansa yake bayansa," ya ce wa matarsa, yadda Suyin za ta ji. "Shayi ma kurɓa biyu yake yi masa. Wanda bai iya zama da kofi ba, da mace zai zauna?"

"Baba, ai yana koyo."

"Ke kaɗai gare mu. Ya kwashe ki ya kai inda hanci yake daskarewa, mu riƙa ganinki a waya?"

Tsoron tsohon ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. Ga shi yana da wanda ya fi kwanta masa: Luo Kaiming, likitan haƙori, ɗan abokinsa na wasan majan, wasan da tsofaffi suke yi a tebur kamar karta. Yaro mai ladabi, da gida a unguwar, da mota. Aibinsa ɗaya, in yana magana da kai haƙoranka yake kallo.

Suyin ba ta ɓoye wa Dongfan komai ba. Suna tafe a bakin kogi ta ce, "Ni ba zan bar Chengdu ba. Ba don Baba kawai ba. Nuomi a hannuna ta girma."

"Na sani."

"To kai fa? Ina tsoron ranar da zan zo in tarar ka ɗaure jaka."

"Maman Nuomi, kin taɓa ganin na gaji da tambayarki wani abu?"

"A'a."

"To tambayoyin ba su ko kai rabi ba."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Tana sonsa, so na gaske, kuma wannan ne ya sa tsoron bai tafi ba.

Da zafi ya tsananta, Nuomi ta haifi tagwaye. Uwar panda ɗaya take iya runguma, ɗayan sai ta manta da shi. Don haka ma'aikata suke musanya su: a lallaɓa uwar da ruwan zuma, a zare wannan a sa wancan, kowa ya sha nono ba tare da ta lura ba. Suyin ta tare a ɗakin jarirai, wayarta a kulle cikin akwati sai ta fito.

A cikin wannan tsakanin ne Baffa Ran ya ja kujera ya zauna gaban Dongfan.

"Yaro, bikin tsakiyar kaka ya kusa. Iyayen Kaiming suna so su zo cin abinci a ranar, ka san me ake nufi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Zama za ka yi a garin nan, ko wucewa?"

Kafin ya buɗe baki wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canza. An kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, za a yi mata aiki a ciki, kuma shi ma shi kaɗai gare ta.

"Baffa, dole in kama jirgi yanzu."

"Amsata fa?"

Dongfan ya miƙe. Ya dubi tsohon, ya dubi tsofaffin da suka tsayar da wasa suna jira. Sai ya sa hannu biyu cikin ladabi, ya birkice murfin ya zura shi cikin kofi, ya rusuna ya fita da gudu.

Kaiming, da yake wajen, ya ɗauki hoton kofin ya tura wa Suyin ba tare da ya ƙara kalma ba.

Da ta fito ta buɗe waya, saƙo biyu ta tarar. Hoton, da na Dongfan:

"Maman Nuomi, Mama ba lafiya, na kama hanyar Harbin. Baffa ya tambaye ni zama ko wucewa. Na ba shi amsa irin ta 'yan Chengdu, a kan kofi, a gaban kowa. Na jima da yanke wannan shawarar, yau dai na samu ƙarfin faɗa."

Ta karanta har idonta ya daina gani. Ta rubuta, "Na ga amsarka. Sauka lafiya. Ina yi wa Mama fatan sauƙi." Sannan ta toshe lambarsa, ta wanke fuska, ta koma wajen jariran. Da Dongfan ya kira wayar shago, Baffa Ran yana jin muryarsa ya ajiye.

Sai dai akwai abin da ya hana tsohon sakewa. Jakar. Tana nan a kan kujerar lungu, da tabarmarta da takalminta.

"Ka sa a aika masa da ita," in ji matarsa.

"Bari tukuna."

Baffa Ran mutum ne da ba ya iya kwana da abin da bai gane ba. Yaron da ko banɗaki da jakar nan yake shiga, yaya za a yi ya ce ya gama da mu, ya bar ta? Mantuwa ce? Ana manta laima, ba a manta gida.

Wata rana da yamma ya sauke jakar, ya zauna a kujerar da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya gaji shagon. Ya kalli abin da ake gani daga nan. Tsoho Du ya gama shayinsa, ya birkice murfi, ya ce, "Sai gobe." Malama Fang mai ritaya ta birkice nata, ta ce, "Sai gobe." Ni ma na birkice nawa, na faɗi abin da nake faɗa shekara da shekaru.

Tsohon ya dafe goshi. A shagonsa babu baƙo, duk 'yan kullum ne. Duk wanda yaron ya taɓa gani ya birkice murfi, washegari yana nan a kujerarsa. Me kuwa zai ɗauka ake nufi?

Ya daɗe a zaune. In ya yi shiru, 'yarsa za ta auri likita, ta zauna layi biyu daga nan, babu wanda zai taɓa sani. Amma ya ga yadda take dawowa ta ci abinci kamar magani, ta daina ba da labarin tagwaye.

Da ta shigo ya ce, "Suyin, zo ki zauna a nan. Kalli Tsoho Du da kyau gobe. A'a, bari in gaya miki kawai, ba ni da haƙurin gobe."

Tana ji tana kuka tana dariya. "Baba, ai kai ba ka sonsa."

"Har yanzu ban ce ina sonsa ba. Wawa ne. Amma ba maƙaryaci ba ne."

Ta ɗauko waya ta buɗe lambar Dongfan. Saƙonni ba su shigo ba, don toshewa ta cinye su. Ta rubuta:

"Mai Jaka, me birkice murfi yake nufi?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. "Ina nan dawowa, nan ne wurina. Ba haka ba ne? Suyin, me na yi? Na kusa haukacewa."

"Yana nufin ka gama, a ba wani kujerarka."

Sai ya rubuto: "An bayar?"

"Jakarka ta hana. Yaya jikin Mama?"

"Ta fara cin abinci, har tana faɗa. Ta ce in zo mata da hoton yarinyar da ta hana ni barci. Maman Nuomi, ina sonki. Daga yau da baki zan riƙa faɗa."

Baffa Ran da kansa ya je gidan su Kaiming ya ba da haƙuri, da kwalin shayinsa mafi tsada a hannu. Likitan ya ji ciwo, amma ya karɓa da mutunci, har ya ce wa tsohon ya leƙo a duba masa haƙorin nan na ƙasa.

Dongfan ya dawo lokacin da ganyen bakin kogi ya zama ruwan ɗorawa. Ya samu aiki a garejin bas na birni. Tsofaffin shago ba su bar shi ya huta ba. Yana shigowa sai wani ya ɗaga murfi ya ce, "Malamin Harbin, wannan fa me yake nufi?"

A shagon aka yi bikin, an haɗe tebura, an rataya jan ƙyalle a itatuwa. Mahaifiyarsa ta zo da sandarta, ta ɗanɗana miya ta sha ruwa kofi uku, ta ce yanzu ta yarda ɗanta yana son yarinyar nan.

Sai aka zo wajen shayin iyaye. Ango ya durƙusa, ya miƙa kofi da hannu biyu, ya kira surukinsa da sabon suna.

"Baba, ga shayi."

Tsohon ya karɓa ya kurɓa a hankali, idonsa ya cika. Ya ba shi jan ambulan, ya ce su tsufa tare, gashinsu ya yi fari a gida ɗaya, kada barkono ko sanyi ya raba su. Dongfan ya miƙa hannu zai karɓi kofin, tsohon ya buge hannun.

"Kai da taɓa murfi kuma, har abada."

Aka fashe da dariya. Baffa Ran ya rufe kofin da kansa. Ya sunkuya ya tsinci ganye ɗaya a ƙasa ya ɗora a kan murfin, ya taka har lungu, ya ajiye shi a teburin da ke gaban kujerar nan.

"In mahaifiyarka ta kira, ka ɗauki matarka ku je," ya ce. "Ba wanda zai zauna a nan."