Mai Tare wa Wani Iska

"Wai wannan mai matsattsen wandon za a ba 'yar gidan nan?" in ji Gwaggo Safiatou, yayar Alhaji Alassani, tana dama koko a tsakar gidansu da ke unguwar Zongo. "Shekara da shekaru yana tseren keke, ko kofin roba bai taɓa kawowa ba! Kullum shi ne a wutsiya."

Khaulat, 'yar autar Alhaji, ta saki kwanon da take wankewa. "Amma Gwaggo, ai aikin Karim ke nan a ƙungiyarsu! Shi ke shiga gaba ya tare wa kyaftin ɗinsu Abdel iska, ya koma baya ya ɗebo musu ruwa, don Abdel ya adana ƙarfinsa ya ci tseren. Ko a Turai haka ake yi. Akwai wani ɗan Wales da yake yawan kallo a waya, shi ma—"

"Au! Ashe ma ɗan ga-ruwa ne!"

Alhaji dillalin shanu ne, ba ya magana biyu. Ya yi gyaran murya daga kan tabarma. "Ni ban ƙi yaron ba. Yana da garejin babur a unguwar Totsi, yana salla. Amma namijin da ya saba zama a baya, ina tsoron a baya zai ajiye mini 'ya. An ce ranar Lahadi akwai tsere a bakin teku. Zan je da ƙafata. In ya zo na ɗaya, iyayensa su turo. In bai zo ba, a bar maganar."

Da la'asar Khaulat ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, sai gareji. Ta tarar da Karim da baƙin mai har gwiwar hannu, ta zayyane masa komai, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Sau ɗaya tak, Karim! Une seule fois! Kowa ya san ka fi Abdel ƙafa. Ka ƙyale shi ka wuce."

"Khaulat, mutumin nan da ni ya dogara. Tun farkon shekara na ba shi kalmata. In na gudu na bar shi, da wane ido zan kalle shi?"

"Ni fa? Da wane ido za ka kalle ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya ta tafi tana goge fuska da bakin mayafi.

Ranar Lahadi titin bakin teku ya cika maƙil. Zagaye masu tsere suke yi, don haka kowane zuwa sai sun wuce ta gaban 'yan kallo. Iskar teku kuwa kamar ta ture mutum. Kowane zagaye ga Karim a gaba ya duƙa yana yanka ta, Abdel manne a bayansa. Gwaggo, da ta ce ita kallon abin kunya kawai ta zo, sai ga ta tana ɗaga lema tana ihu.

Ana shiga zagayen ƙarshe su biyun sun ba sauran rata. Daidai gaban su Alhaji sai aka ji fas! Tayar Abdel ta fashe.

Kai jama'a! Ga hanya fetal, ba kowa a gaban Karim, kuma da ya wuce ba mai ganin laifinsa sosai. Khaulat ta ƙwalla ƙara, "Vas-y Karim! Wuce! Don Allah wuce!"

Ya ji ta. Wallahi ya ji ta, don sai da ya ɗago suka haɗa ido. Sannan ya danne birki, ya diro, ya miƙa wa Abdel kekensa, ya tura shi da gudu har ya kama hanya. Abdel ne ya ci. Karim kuwa da ƙafa ya iso layin, keken Abdel mai fasasshiyar taya a kafaɗa, bayan kowa ya gama.

Alhaji ya kaɗe babbar rigarsa ya ce a tafi gida.

Allah sarki Khaulat, ta sha kuka a makon nan har muryarta ta dushe. Gwaggo na ta yada magana, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ya ce shi sadaka zai yi!" Yarinyar dai ba ta je ta roƙi mahaifinta ya janye maganarsa ba. Da fushin ya sauka ta kira Karim ta ce, "Ka ƙona mini rai, amma ban ga laifinka ba. Mu bar wa Allah."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji ya aika a kira shi. Karim ya cire takalmi ya durƙusa. "Baba, ga ni. Na san na faɗi, ban zo da wani uzuri ba."

"Ka san abin da na gindaya kafin ka taka birkin nan?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kana son ta?"

Karim ya ɗago kai. "Kamar raina."

Alhaji ya gyara zama. "Na tsufa a kasuwar shanu, na ga wa ya sayar da ƙaninsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni na sa sharaɗi, ni kuma na warware, don ban san abin da nake nema ba sai da na gan shi. Wanda bai ci amanar abokinsa don ya sami 'yata ba, ba zai ci amanar 'yata don ya sami wata aba ba. Ka ce wa iyayenka su turo."

Khaulat da ke laɓe a bayan labule ta zube ta yi sujada, tana kuka tana "Alhamdulillahi". Gwaggo ta taɓe baki, ta ce ai ita dama tun farko ta ga alamar kirki a yaron, ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo.

Har yau Khaulat na gode wa Allah da Karim bai saurare ta ba ran nan. 'Yan mata, in ana auna miji, a bar duba wanda ya riga kowa isa. A duba wanda ya tsaya lokacin da tsayawar za ta iya raba shi da abin da ya fi so.