Dakalin Ƙofar Asibiti

Wata uku Mai Faranti ya yi yana manna farantan alminiyam a fuskar babban asibiti. Tsohon bango na ruɓewa daga ciki, waje kuwa sai sheƙi kamar sabon kwano. Da aka zo gyaran hanyar shiga, ɗan kwangila ya ce a fasa dakalin da masu jinya ke zama, a shuka furanni. Mai Faranti ya ga falalen simintin da ke kai bai fashe ba, ya kai shi gida ya shimfiɗa a bakin famfo. Araha ba ta ado, amma tana maganin taɓo.

Da magariba 'yarsa na wanke-wanke a wurin, tsakuwa ta faɗo a kan rufi. Shiru. Sai wata. Yarinyar ta ajiye soso, ta zauna a kan falalen, ta rafka tagumi irin na mai jiran layi. Kwana uku ba ci ba magana, ƙarti biyu suka kasa ɗaga ta.

Uban ya ɗauko malam mai ruƙiyya. Malam ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe, da muryar wani tsoho.

"Shekara arba'in ina ƙarƙashin dakalin nan. Ban taɓa kowa ba."

"To me ya haɗa ka da yarinya?" in ji malam.

"Tambayi ubanta. A kan wannan falalen matarsa ta cika, tana jira a kira ta. Shi yana ciki yana roƙon gado, ni na zauna da ita. Yau ya mai da shi wurin wanke tukunya."

Mai Faranti ya dubi simintin. Wallahi bai gane shi ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"A mayar da shi," muryar ta ce. "Muddin masu jira na da wurin zama, na bar ta."

Ya mayar. Kafin ya miƙe daga sunkuyo wata tsohuwa ta zauna a kai, a gida kuma yarinya ta nemi ruwa.

Washegari Mai Faranti ya tarar mai gadi ya ja falalen bayan katanga.

"Yi haƙuri, malam, an ce yana ɓata fuskar asibiti," in ji mai gadin.

Asibitin ya yi kyau, kowa ya faɗa. Mai Faranti kuwa kullum da sassafe yana can bayan katanga, yana jan simintin zuwa ƙofa.