Safara'u da Mai Awon Sama

A bikin ƙanwarsa a Karaye, cikin 1989, Sabi'u ya fara ganin Safara'u. Ta kawo masa zoɓo a kofin gilashi, ya shanye, ya kuma riƙe kofin kamar nasa.

"Malam, kofin fa ba kyauta ba ne," ta ce.

"Leƙa garwashin can ta gindinsa tukuna."

Ta leƙa. Garwashi ɗaya ya zama biyu.

"Haka ake yi a sama," in ji shi. "Haske ya taso daga nesa, nauyin tarin taurari ya lanƙwasa shi, ya biyo hanya biyu, ɗaya ya riga ɗaya isowa. Da wannan jinkirin ake auna saurin faɗaɗar sararin samaniya. Abin da nake karantawa ke nan a jami'a."

"To mai awon sama, ba ni kofina."

Sunan ya bi shi, soyayya kuwa ta kama su ba sallama.

Sai Barau, wani mai shago a Rogo da ya daɗe yana sonta, ya garzaya Fulatan wajen mahaifinta Malam Uba, ya ce yaron ɗan duba ne, taurari yake lissafawa. Malam ya ce boka ba zai auri 'yarsa ba.

Wasiƙarta ta sami Sabi'u a makaranta: "Mai awon samana, Baba ya hana ka zuwa zance. Na yi kuka har na gaji. Ka zo ka gaishe shi, gaskiya kawai za ka faɗa. Taka, Safara'u."

Ya tafi Fulatan, bayan la'asar ya durƙusa a zauren Malam.

"Allah gafarta Malam, idan mutum biyu suka bar Ruwan Bago tare, ɗaya ya miƙe, ɗaya ya zagaya dutse, tazarar isowarsu Rogo tana nuna tsawon hanya. Iyakar aikina ke nan."

"To duba min, damina za ta yi kyau bana?"

"Ban sani ba, Allah ne masani."

"Auren fa? Me taurarin suka ce?"

"Ba su ce komai ba. Ina sonta ƙwarai, amma maganar a bakinka take."

Malam ya murmusa. "Ban taɓa jin boka ya ce bai sani ba. Turo manyanka."

Bayan cirar gyaɗa aka ɗaura aure, Malam da kansa ya sa musu albarka. A ɗakinta, amarya ta ciro kofin nan ta leƙa angonta.

"Mutum biyu nake gani."

"Kwantar da hankalinki, Safara'una. Duka biyun naki ne."