Ƙahonin Lauya

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Ɗan Rediyo ya tashi daga aiki. Shi ne mai karanta labaran yamma a tasharsu, yana da murya mai kauri wadda ko a kasuwa ya yi ciniki sai an waiwayo. Yana shiga mota Mama ta kira shi. Ta ce ta bar masa kwalbar zuma wurin mai gadi, ya daure ya kai wa yayarsa. An daɗe ana ce mata ciwon maƙogwaro ne, ita kuma ta gaji da saƙon rubutu, muryar 'yarta take son ji.

Ya ce to. Dama mijin Yaya, wanda kowa ke kira Lauya, tun safe yake nemansa a waya, wai ya zo shi kaɗai, akwai abin da zai ji.

Ya san ko mene ne. Ƙahonin nan ne.

Su huɗu ne masu wannan ciwo na sauraron kiɗa: shi, da Lauya, da Akanta, da Dogo mai shagon kayan wuta. Duk Asabar suna taruwa a wani ɗaki da Lauya ya gina a bayan falonsa. Ba taga, bangon an liƙe shi da soso an rufe da yadi, ƙofar kuma mai nauyi ce kamar ta firji. Yaya takan ce da a ce mijinta na kula da ita rabin yadda yake goge faifai, da ta zama sarauniya. Ta faɗa ta sheƙe da dariyar nan tata da ake ji har bakin titi.

A ɗakin nan Lauya ya kafa sababbin lasifikokinsa masu ƙaho. Guda biyu ne, kowanne ya kai ƙirjin mutum, bakinsa a hangame har yaro zai iya zama a ciki, sannan ya yi ta tsukewa yana lanƙwasa baya har ya koma kamar dunƙulen hannu. Itacen baƙi ne mai jijiyoyi ja-ja. Wani tsohon masassaƙi ne ya fafe su da hannu daga kututture ɗaya, ba ƙusa ko guda. Lauya yakan yi alfahari da cewa a wani kwazazzabo aka samo itacen, a tsaye, cikinsa a rarake tun asali, kuma da leburori suka ƙi sara sai ya ɗauko masu inji daga nesa.

Ranar da aka fara kunna su an sha musu. Akanta, wanda bai taɓa yarda da ƙaho ba, ya ce duk ƙaho ihu yake yi, kamar mutum ya kafa tafukansa a baki yana kiran wani a gona. Lauya ya ce wannan sai ƙahon ƙarfe da na roba, ya ɗora faifai, ya ɗan murɗa amfilifayarsa, na'urar ƙara ƙarfin sauti mai kwalaben wuta, kaɗan kawai. Ɗakin ya cika. Ana jin yatsa na goga tsirkiya, ana jin mawaƙiya na haɗiyar yawu kafin ta ɗauki baiti. Akanta ya cire tabarau. Ya ce shekara da shekaru yana jin faifan nan, bai taɓa sanin akwai wani tsoho da ke tari can ƙasa-ƙasa a bayan makaɗan ba.

Masassaƙin yana wurin a ranar, a rakuɓe bakin ƙofa. Dogo ya tambaye shi yadda ya auna lanƙwasar. Tsohon ya buɗe baki, ya rufe, ya nuna wuyansa. Lauya ya ce a ƙyale shi, ƙurar katako ce ta kama shi.

Sai Dogo ya ɓata zaman. Ya ce a sautin, sama ta yi, tsakiya ta yi, amma ƙasa, wato kaurinsa, babu nauyi, ganga tana fita kamar ana buga kwali. Ya ce haka ƙaho yake, in ana son ƙasa sai an yi wanda ya kai tsawon mota. Lauya dai ya juyo ya daɗe yana kallon ƙanin matarsa, kamar mai auna yadi.

Bayan wannan ne Yaya ta fara dishewa.

Da Ɗan Rediyo ya isa gidan, duhu ya fara sauka. Get a buɗe. Ba a kunna fitilar waje ba. Karen gidan, wanda kullum sai ya tayar da unguwa, yana kwance ƙarƙashin mota. Ya taso, ya buɗe baki, haƙarƙarinsa na motsi. Ba abin da ya fito.

Falo ba kowa. Ana jin warin man katako, da wani wari a ƙarƙashinsa, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Ya yi sallama. Muryarsa ta faɗi a gabansa kamar an jefa tsumma.

Sai ya ji Yaya tana waƙa.

Waƙar da take yi in tana wanke-wanke ce, tun suna yara. Muryar tas, ba dishewa. Ransa ya yi fari. Ya bi sautin ta lungun falo har ƙofar ɗakin sauraro, ya tura.

Lauya na zaune a kujerarsa ta tsakiya, ido a lumshe. Kwalaben amfilifaya suna ci ja-ja, su kaɗai ne hasken ɗakin. Yaya tana ƙasa a kusurwa, ta haɗa kai da gwiwa. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Bakinta a rufe.

Waƙar daga ƙaho take fitowa.

Ya duba na'urar faifai. Ba faifai a kai. Ya duba bayan ƙahonin. Wayoyin suna yashe a ƙasa, ba a haɗa su da komai ba.

Lauya ya tashi da fara'a, ya karɓi kwalbar zuma ya ajiye, ya mayar da ƙofa, ya murɗa makulli ya jefa a aljihun riga. Cikin raɗa yake magana, yana juya wa ƙahonin baya, hannunsa a kan baki.

"Ka ji tsakiyar nan? Ka taɓa jin irinta a gidan wani?"

Yaya ta ɗago. Da ta ga ƙaninta sai idonta ya firfito. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ɗora yatsa a leɓe.

Lauya ya ci gaba da raɗa, kamar yana bayanin shari'a. Ya ce da farko shi ma ya tsorata. Daga baya ya gane masu itacen ba mugaye ba ne, masu son murya ne kawai, kamar su. In ka ba su, sai su rera maka ita fiye da yadda mai ita ya taɓa yi. Ya ce Yaya da me take amfani da tata? Faɗa da 'yar aiki da gulma a waya. Yanzu ga ta ta zama abin da za a zauna a saurara. Ya ce Dogo ya yi gaskiya, ƙasa ce kawai ta rage.

"Zauna nan, ƙanina. Karanta mana kanun labarai."

Waƙar ta tsaya.

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ke danna kunne. Sai ƙahon hagu ya ja numfashi. Ɗan Rediyo ya ji iskar ta wuce ta gefen wuyansa, mai sanyi, tana tafiya ciki. Gefen rigarsa ya ɗaga ya nufi bakin ƙahon.

Can cikin maƙogwaron itacen wani tsoho ya yi tari. Kare ya yi haushi sau ɗaya, nesa, kamar daga ƙasan rami.

Ɗan Rediyo ya datse haƙora. Ya ja da baya har bayansa ya taɓa soson ƙofa.

Lauya ya roƙe shi. Ya yi masa wasa, ya ce wai yau mai surutu ya zama amarya. Ya tuna masa wanda ya yi masa hanyar aikin rediyon. Da ya ga ba ci gaba, sai fuskarsa ta koma yadda take a kotu. Ya taka zuwa kusurwa, ya kama Yaya a wuyan hannu, ya jawo ta a ƙasa zuwa gaban amfilifaya.

Kwalaben nan in sun daɗe a kunne ko kusa da su ba a kai hannu.

Ya buɗe tafinta. Ya dubi ƙaninta. Ya danna tafin a kan kwalaben.

Yaya ta wage baki. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Ba sauti. Sai ƙahon dama ya saki ihun a madadinta, siriri, mai tsabta, yana hawa yana karkarwa kamar ƙarshen waƙa. Lauya ya lumshe ido yana saurare.

Ƙaurin fata ya tashi.

"Sake ta."

Da dukan ƙirjinsa Ɗan Rediyo ya faɗa. Kalmomin ba su kai ga Lauya ba. Ya ji sun lanƙwasa a iska. Wani abu mai sanyi ya shiga bakinsa, kamar yatsu, ya wuce harshe, ya kama can ƙasa inda muryar ke kwana. Ya fara ja.

Kamar ana zare igiya daga cikinsa. Doguwa. Ba ta ƙarewa.

A cikin bakin ƙahon, inda ya tsuke, duhun ya motsa. Ba fuska. Kunnuwa ne. Ƙanana da manya, jere a jikin itacen, suna juyowa wajensa ɗaya bayan ɗaya.

Ya jingina da ƙofa.

Sai ƙahon hagu ya yi gyaran murya. Gyaran muryarsa, wanda yake yi kafin a kunna jar fitilar fara shiri a tasha.

"Masu sauraro, barkanmu da yamma."

Ƙasa ta girgiza. Kwalbar zuma ta yi rawa a kan teburi. Lauya ya saki hannun matarsa, ya koma kujera da baya-baya, hawaye na zubo masa.

"Ka ji nauyi," ya ce a hankali. "Ka ji nauyi."

Ɗan Rediyo ya rufe baki da hannu biyu. Ya kama addu'a a zuci, duk wadda ta zo. Jan ya sassauta.

Yaya ta miƙe. Da kafaɗa ta ture teburin amfilifaya. Kwalabe suka tarwatse, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Ya ji kokawa, ya ji yadi ya yage, ya ji Lauya na zagi cikin raɗa, har a lokacin yana tsoron ɗaga murya. Hannu mai jiƙe ya lalubo nasa ya danƙa masa makulli.

Ya lalubi ramin. Ya kuskure. Wani abu na numfashi a ƙeyarsa. Ya sake.

Ƙofa ta buɗe.

Ya riƙo Yaya ya ja ta. Ta taka bakin ƙofa, ta tsaya cak. Daga duhun muryarta ta kira ta, da sunan da Mama kaɗai ke kiranta da shi. Ta kama wuyanta, numfashinta ya ɗauke, ta durƙusa. Da ta ja baya taku ɗaya sai iska ta dawo mata.

Ta dube shi. Ta fizge hannunta. Ta tura shi waje, ta rufe ƙofar da kanta.

Bai san yadda ya tuƙa motar ba.

Washegari ya kwashi 'yan uwa suka je gidan. Lauya ya tare su da shayi da fara'a. Yaya ta fito da hannu a naɗe, ta rubuta musu cewa tukunya ce ta ƙone ta, kuma ba inda za ta. Ɗan Rediyo ya yi ƙoƙarin bayani. Abin da ya rage masa wata 'yar iska ce mai shiiii, sai an kawo kunne kusa. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ya je ya huta. Likitoci sun leƙa maƙogwaron da fitila sun ce lafiyarsa lau.

A tasha an ba wani yaro kujerarsa, shi kuma aka mayar da shi ɗakin tace rubutu. Akanta da Dogo suna zuwa sauraro har yanzu. Ya rubuta musu komai. Dogo ya amsa da hoton dariya, ya ƙara da cewa ya kamata ya zo ya ji, ƙasa ta zauna daram, bai san dabarar da Lauya ya yi ba.

Yana da 'ya ƙarama, ba ta daɗe da shiga makaranta ba, mai zaƙin murya, malamai na sa ta gaba in za a yi waƙa. Wata yamma ya dawo ya tarar da ita ta ɗauki wayar uwarta ta shige bayan kujera, tana dariya tana ba da labarin makaranta. Ya matsa. Daga wayar muryarsa ce ke fita, cikakkiya, mai ɗumi, tana tambayarta wace waƙa aka koya musu yau, ta ɗan rera wa Baba.

Ya fizge wayar ya buga da bango. Yarinyar ta yi kuka har ta shiɗe. Da ya ɗauke ta yana lallashi da 'yar iskar da ta rage masa, sai ta ture fuskarsa. Ta ce shi ba Babanta ba ne, Babanta yana magana.

Sun canja lamba. Sun canja gida. Shi ke kai ta makaranta, ya tsaya a bakin get har a tashi. Ba ta ƙara yarda ya riƙe hannunta ba.

Ran nan da safe uwar ta ga jakar yarinyar a bakin ƙofa, an cusa takalma da 'yar tsana da buroshin haƙori. Ta tambaye ta ina za ta. Yarinyar ta ce Baba ya ce ta shirya, zai aiko mota.