Saƙon da Yaya Ke Kaiwa

Ranar da Auta za ta tafi jami'a karatun likita, Yaya ce ta haɗa mata kaya, sai dai jifa take yi da su cikin akwati kamar masu laifi. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ta bar makaranta ta riƙe gidan, ta goya Auta, ta yi mata tsifa da kitso, har ta girma. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki da rediyonsa, yana ta murɗa tasha.

"Ki je dai," in ji Yaya. "Mun ga waɗanda suka fi ki rawar kai sun dawo da buhun kunya."

Auta ta haɗiye kukanta. A waje Mai Burodi yana jira da motar da yake rabon kaya, garin fulawa har a girarsa. Shi ne Baba ya yi wa alkawarinta, kuma shi ya fara cewa a bar ta ta yi karatu, zai jira. A hanya ya roƙe ta abu ɗaya: duk abin da ya same ta, daɗi ko wuya, ya ji daga bakinta.

Jami'a ba ta yi mata maraba ba. A hostal aka ba ta gadon sama, jikin taga mai fasasshen gilashi. Wata 'yar ajin ƙarshe da ake kira Madam ta ƙare mata kallo daga ɗankwali zuwa silifas, ta sanar da ita cewa sabon shiga shi ke ɗebo ruwan ɗaki. Zauren lakca kuwa ya fi kasuwa cika. In ta makara a layin famfo sai ta tsaya ta taga, tana jin Turancin malami yana wucewa kamar jirgi. Ita da ta saba zuwa ta ɗaya tun firamare, da aka kafe sakamakon tes na farko sai ta tarar da lambarta can ƙasa. Wata ta bayanta ta ce ai wasu noma ya fi dacewa da su, aka kwashe da dariya.

Kunya ta hana ta gaya wa Mai Burodi. Ta yaya za ta dubi mutumin da ke yawon gari yana cewa matarsa likita ce, ta ce masa ta faɗi? In ya kira sai ta ce lafiya lau, tana sauri, ko ta bar wayar ta yi ta ƙara. Yaya kaɗai take kira ta zazzage wa cikinta.

Yaya kuwa ta samu abin da take nema. In Mai Burodi ya kawo wa Baba gaisuwa, sai ta tare shi a zaure ta ce ya yi haƙuri, yarinya ido ya buɗe, yanzu da masu manyan motoci take hulɗa, warin yis ɗin burodi ma ta ce yana tayar mata da zuciya. In ta juyo wajen Auta, sai ta ce mutumin ya gaji, uwarsa har ta fara duba masa wata. Baba kuma kullum tana yi masa famfo cewa a dawo da ita tun ba ta jawo magana ba.

Kira ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Auta ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta yi zuciya ta tare a laburare. Ta samu wata 'yar ajinsu mai sanyin hali suka riƙa bitar lakca tare, tana tambayar abin da a da take jin nauyin tambaya.

Ana gab da jarrabawa, wata ranar da hantsi tana layin famfo da bokiti biyu, nata da na Madam, ta ɗago ta ga Mai Burodi tsaye. Fuskarsa babu alamar rahama.

"Na zo ki faɗa mini da bakinki ne," ya ce. "In warina ya dame ki, ba sai kin aiko ba."

"Ni na aiko? Kai da aka ce ana duba maka mata, me ya kawo ka wajen wadda ta faɗi tes?"

"Wane tes? Wace mata?"

Suka tsaya suna kallon juna, 'yan layi sun baza kunnuwa. Sai a lokacin ya lura da yadda ta zabge, wuya ya fito, hannuwa sun yi kanta saboda ɗaukar ruwa. Babu mota, babu mai mota. Ya karɓi bokitan ya ajiye, suka koma gindin wata bishiya. Ya faɗi abin da aka gaya masa, ta faɗi nata, duk zaren ya koma hannun mutum ɗaya. Ya miƙe a fusace zai tafi gidansu ya tunkari Yaya, ta tare shi. Ta ce matar nan ita ta yi mata uwa, ba za a tozarta ta a kanta ba. Kuma da ita ba ta ɓoye masa halin da take ciki ba, da babu wanda ya isa ya shiga tsakaninsu. Ya koma ya zauna, ya ce ai shi ba sakamako ya ce yana so ba, ita ya ce.

Da aka yi hutu Baba ya tara su, domin Mai Burodi ya kai masa maganar cikin ladabi. Yaya ba ta musa ba. Ta dubi Baba ido cikin ido.

"Ni wa ya ce a bar ni in yi karatu? Wa ya ce zai jira ni? Ina aji biyar kuka miƙo mini tukunya da jaririya."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce laifin nan nasa ne kafin ya zama nata, amma wanda aka zalunta ba ya ramawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Auta ta rarrafa ta kama ƙafar yayarta tana kuka. Yaya ta fizge ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta yi wa kowa magana ba. Auta ba ta fasa gaishe ta ba, ba ta fasa karɓe mata girki da wanki ba.

Sakamako ya fito. Ba ta zo ta ɗaya ba, amma babu darasin da ya kayar da ita. Da ta shigo da labarin, Yaya tana tsakar gida tana shara. Ta daɗe a duƙe, sannan ta jefar da tsintsiyar ta rungume ta, ta roƙe ta ta yafe mata don Allah. Da Mai Burodi ya zo da yamma, ita da kanta ta shimfiɗa masa tabarma ta ba shi haƙuri.

Haka haƙurin Auta ya tsare mata karatu, ya tsare mata masoyi, bai kuma raba ta da 'yar'uwa ba. Masu son juna su kiyaye: kada kunya ta sa ku ɓoye wa juna rauni, kada kuma ku ɗora hukunci a kan "an ce". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.