Yatsa a Ƙirjin Mai Gadi

"Kar ka matso, Toka! Wallahi bai san ka ba!"

Ina riƙe da ƙyauren gidanmu. Tsakanina da shi sabon mai gadi ne a tsaye, ƙaton mutum-mutumin yumɓu, idanunsa ramuka biyu masu fitar da hayaƙi.

Babana ke gina su. Tun yumɓun na ɗanye kowane ɗan gida yake danna babban yatsa a ƙirjin mai gadi, sannan a gasa. Wanda ba shaidarsa zai fita lafiya, amma in ya nemi shiga, sai dai a kwashe shi a tabarma.

Toka ke hura mana wutar gashi. Da ya ce yana sona, Dogo, babban yaron Baba, ya kai gulma har da ƙari. Baba ya jiƙa hannu ya shafe shaidar yatsan Toka daga ƙirjin sabon mai gadin tun yana ɗanye.

"Sallama kawai na zo yi miki, Auta..."

"Yi daga nan, angon gawayi!" in ji Dogo yana dariya.

Wuyan mai gadin ya juya a hankali, ƙiiii...

Na tsallake ƙofa na kama hannun Toka.

"Ke! Koma ciki!" Baba ya daka min tsawa daga rumfar aiki.

"To, Baba. Amma tare za mu shigo."

"Ke ya sani, shi zai murƙushe!"

"Ni ma bai san ni ba. Ranar da ka shafe nasa, na bi baya na shafe nawa."

Dariyar Dogo ta ɗauke.

"Rabin raina, kar ki yi..." in ji Toka.

Na ja shi muka taka.

Inuwa ta rufe mu. Hannun yumɓu ya ɗaga sama, ƙasa na zubo mana a ka. Na runtse ido.

Tas!

Da na buɗe, Baba ne tsaye da guduma, yana haki. Aikinsa na shekara guda ya zube a gabanmu, ƙirjin ya rabe biyu.

Ya daɗe yana kallon ɓaraguzan.

"Dogo, kwaɓo sabon yumɓu." Ya juyo ga Toka, idonsa jawur. "Kai kuma wanke hannun nan. Ba na son toka a ƙirjin mai gadina."